Guzurin Baƙi Goma Sha Huɗu a Mamobi

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da kawuna, a cikin wata fijo mai cin mutum bakwai wadda direbanta ya ga dama ya cusa tara. Ranar Laraba ce a tsakiyar bazara, tun rana ba ta fito ba gumi ya fara tsattsafo wa mutane. Kawuna bafataken goro ne, ya fi shekara talatin yana kai da kawowa tsakanin Kano da Gana, don haka shi ne idona a wannan tafiya. Kayansa 'yar jaka ɗaya da buta. Ni kuwa ban da jaka ina rungume da kwali, a cikinsa gwangwanayen madara shida, kowanne da dashen furen wardi. Tun daga tasha ya fara yi mini tsiya, wai bai taɓa ganin wanda zai ratsa ƙasa huɗu da ƙaya a cinya ba.

Ga abin da ya tashe ni. Mahaifina yana da yaya mace, Gwaggo, wadda aure ya kai Ankara ta Gana tun ba a haife ni ba. Mijinta ya rasu, idanunta kuma sun tafi shekara tara ke nan. Duk shekara takan aiko mana da kaset ta hannun 'yan goro, mu taru a tsakar gida mu saurara. Abin da kowa ya san kaset ɗinta da shi shi ne kukan tsuntsaye. Sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci muryarta a cikinsu, har mahaifina kan ce yayarsa a cikin keji take zaune. Na bana da ya zo, muryarta ta sirance, bayanta kuwa babu komai. Ko motsin ganye babu. Ta gaishe da kowa da kowa, sannan ta ce, "Ku turo mini mai sunan Baba, shi da ya san itatuwa. Gidan ya yi shiru." Ni ke nan, don sunan mahaifinta na ci, ba ta iya faɗinsa. A ƙarshen kaset ɗin ɗanta ya saka baki, ya ce wata na uku ke nan ba ta cin abin kirki, likita ya duba bai ga ciwo ba. Mahaifina ya saurara sau biyu, ya kashe rediyon, ya ce in nemi hutu a wurin aiki.

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a gandun renon itatuwa, kuma in faɗi gaskiya, ina ji da kaina a kan wannan. Ban tsaya tambayar kowa ba na yanke hukunci: tsohuwa ce ke kewar furanni. Sai na zaɓo mata wardi mafi tsada da muke da shi, irin wanda manya ke sa a dasa musu a ƙofar gida.

Hanyar Legas ba sai na ba ku labarinta ba. Mun ci abinci a Jebba, wani tuwon doya baƙi da miya mai yauƙi wanda kawu ya tashi da kwano biyu ni ina ta juya loma ɗaya. Muka kwana a Agege wurin abokan cinikinsa. Kashegari muka shiga ƙetare iyakoki, kuɗin aljihunka ya sauya suna sau biyu kafin la'asar, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, kuma duk sauyin da ya yi sai ya ƙara kauri ya rage albarka. A Kwatano na ga ana sayar da fetur a kwalabe a bakin titi, da burodi dogo mai tauri da za ka iya korar akuya da shi. A Lome na fara ganin teku a rayuwata, titi na tafe tana tafe a gefensa, na yi ta kallo har wuyana ya ƙage. A wata iyakar wani ma'aikaci ya buɗe kwalina, ya daɗe yana duban gwangwanayen, ya tambayi kawu maganin wane ciwo ne. Da aka ce masa ba magani ba ne, ba a ci, ba ya 'ya'ya, kallo kawai ake yi, sai ya dube ni da tausayi ya rufe kwalin ya ce mu wuce.

Daga Aflawo, bakin iyakar Gana, zuwa Ankara ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga ruwa kwance nan da can, ga shingen sojoji kamar dai na gida. A gadar babban kogi mata suka yanyame motar da soyayyen ƙananan kifi da wata waina fara mai zaƙi-zaƙi a ganye. Mun shiga gari da la'asar sakaliya, muka hau tirotiro, wato ƙaramar motar haya tasu, zuwa unguwar Nima.

Wanda bai je Nima ba zai ɗauka ƙari nake yi. Ka baro Kano da kwana biyu, ka sauka, sai ka ji Hausa ta ko'ina, daga bakin Bazabarme da Bamoshe da Bakotokoli da Bayarabe. Hausar ce dai, amma an rage mata kaya, mace da namiji duk "ya" ne, ana tafe ana yayyafa mata yaren gari. Lunguna matsattsu, kwano na taɓa kwano, rediyo na amsa wa rediyo, injin markaɗe na ihu, masu wake da shinkafa na zuba wa mutane a ganye. Muka tsallaka ƙaton kwatamin da ya raba Nima da Mamobi, muka yi ta kurɗawa har kawu ya tsaya a wata tsohuwar ƙofar katako.

Ɗan Gwaggo ne ya tare mu. Taubashina ne, ko da yake ranar muka fara ganin juna, don haka kafin in ajiye kwali ya riga ya kira ni bawansa, ni ma na rama. Makanikin mota ne, ƙato, mai fara'a, amma fara'ar ba ta kai idonsa ba. Ya ce, "Cale, abokina, ka zo da kyau. Mma yana baya. Kullum can yake zama, bai yarda ya shiga ɗaki ko kaɗan koraa."

Muka bi ta wani siririn soro muka fita bayan gida. Ina sa ƙafa na ji tsigar jikina ta tashi, ban san dalili ba sai da na ɗan tsaya. Hayaniyar unguwa tana nan, amma ta koma can nesa, kamar ka sa kai a cikin randa. Fili ne da bai fi taku goma sha biyu ba kowane gefe, an malale shi da siminti fari tas, an share shi ƙal. Wani wari mai ɗaci na tashi daga bango. Babu ƙuda, babu tururuwa, babu ƙadangare a kan katanga, a unguwar da kwatami ke bin kowane lungu. Kututture huɗu ne kawai ke leƙowa ta cikin simintin, an sare su daidai da ƙasa. Gwaggo na zaune a tabarma a tsakiya, ta ba ƙofa baya, ta fuskanci katangar da babu komai a jikinta.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta ce goshin Baba ne, ta yi ɗan kuka, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Hannunta ba nauyi ko kaɗan. Da gaisuwa ta lafa sai na jawo kwalina da alfahari, na miƙa mata gwangwanin da furensa ya fi buɗewa. Ta sunsuna. Ta bi furen da ɗan yatsa, ta nemi tsakiyarsa, ta ƙara nema.

Ta ce, "Mai sunan Baba, ta ina ƙudan zuma zai shiga?"

Na dubi furen. Irin wannan wardin an yi ta gyara shi ne har ya cika da ganyen fure rututu, babu ƙofa, babu abin sha a ciki. Na sani, a littafi na karanta, amma ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Ta miƙo mini abina ta ce, "Yana da ƙamshi. Amma wa ka gayyato da shi?"

Kunya ta hana ni cin tuwon yamma yadda ya kamata, shi kuwa kawu har da neman ƙari.

Da asuba bayan mun dawo masallaci na same ta a wurin jiya, da carbi a hannu. Gari ya fara haske, irin hasken nan mai toka-toka. Ta karkatar da kai gefe kamar mai jiran sallama. Can ta fara, a hankali: Allah ya jiƙan wane, Allah ya jiƙan wance. Na ƙirga suna biyar. Daga nan ta tsaya. Leɓɓanta na motsi, ba abin da ke fita. Mun fi minti goma a haka, ni a tsaye ita a zaune, sannan ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Akwai wani bayan Mamman. Ina jin sa a tsaye a nan, ya ƙi faɗin sunansa."

Na waiwaya. Wallahi na waiwaya, ni da na san babu kowa. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

A safiyar nan ta ba ni labarin. Mijinta mai masauki ne. Baƙi daga arewa, 'yan ci-rani da masu dako da masu neman gadi, nan gidan suke fara sauka. Wasu su sami aiki su tashi, wasu su koma, wasu kuwa ciwo ya kayar da su a ɗakin soro su cika, ba dangi, ba wanda ya san ƙauyensu. Shi zai yi musu wanka ya kai su makwanci. Tufafinsu ya kai wa sarkin zango. Amma kusan kowane baƙo akan sami ragowar guzuri a ƙullin zanensa ko a gindin jakarsa: ɗan gero, riɗi, 'ya'yan kabewa, tsamiya, barkono, irin zogale. Malam, wato mijin nata, ya ce wannan haƙƙin magada ne, ba ya halatta a ci, kuma abinci ne, ba ya halatta a zubar. Sai ya riƙa kai shi bayan gida yana binnewa. Abin da ya tsiro ya tsiro, duk tsuntsun da ya ci, ladan ya tafi ga mai guzurin. Cikin shekara arba'in, baƙo goma sha huɗu.

Kowace shuka kuma da mai zuwa mata. Da idonta ya tafi sai ta gane cewa ba lokaci ɗaya suke zuwa ba, kowa da sa'arsa. Wannan ya fara, wancan ya biyo. In ta ji mai zuwa wa geron wane, sai sunan wane ya faɗo mata, ta yi masa addu'a. Haka take bin su kowace safiya, ba bisa wanda ya riga rasuwa ba, bisa wanda tsuntsunsa ya riga sauka. Ba ta taɓa haddace su a jere ba, don ba ta taɓa bukata ba. Ba wanda ya rubuta. Yanzu an sare lambun, biyar suka rage mata, kuma a makon jiya shida ne.

Ta ce, "Duk duniya ba mai ambaton mutanen nan sai ni. Ina cin tuwo suna zubewa daga kaina? Ba ya wucewa, ɗana. Nan yake tsayawa." Ta nuna maƙogwaronta.

Na fita da haushin taubashina, don na san shi ya sa aka sare lambun, na same shi a wurin mai wake da shinkafa a bakin titi. Kafin in fara ya riga ni. Ashe maciji ya gani kwance a gindin butarta wata safiya, ita kuwa tana lalube tana nufo shi. A ranar ya ɗauko masu sara. Ya sa aka yi siminti don kada ta yi tuntuɓe, ya samo maganin ƙwarin da ake fesa wa gonar koko ya bi bango da shi saboda sauro, duk mako. Ya ce, "Na ce na yi masa gyara sosai paa. Ni ban san komi a kan sunaye ba, bai taɓa gaya mini ba. Yanzu mutane suna kallona kamar ni na kashe uwana." Sai haushin ya sake ni. Da ni ne na ga macijin nan, abin da zan yi ke nan, ƙila har da wardi a gefe.

Hutuna mako uku ne, an riga an ci kwana huɗu. Itace ba ya girma a mako uku. Muka zauna da Gwaggo muka fara aikin da ban taɓa yi ba, aikin lambu daga baya zuwa gaba. Ita za ta kwaikwayi kukan da take ji a da, ni in gane mai kukan, sannan in nemo abin da yake ci. Ku zo ku ga tsohuwa mai shekara kusan tamanin tana kukan kurciya, tana "tsit-tsit" ɗin sha-kauci, tana gunjin ƙudan zuma ta hanci. Abin dariya ne, matar taubashina har ta fara ƙyalƙyalawa daga madafa. Amma da ta ci gaba, ita kaɗai a tsakiyar farin simintin nan, muryoyi na fita daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ba mai amsawa, sai dariyar ta ɗauke. Matar ta ja ƙofar madafa ta rufe.

Na gane wasu, wasu suka gagare ni, don tsuntsayen bakin teku ba duka na sani ba. Kawu ya ce mu je Alajo, akwai masu lambu a bakin rafi. Muka hau tirotiro. Can muka sami wani tsoho Bazabarme yana ban ruwan latas da gwangwani biyu. Na gabatar da kaina da muƙamina, bai ko ɗago ba. Da na kwaikwayi kukan da Gwaggo ta koya mini, a tsaye a cikin kabeji da takalmin ofis, sai ya ajiye gwangwanayen ya saurara. Ya ce wannan mai baƙin kai ne, gwanda yake so, nunanniya, a bar ta a jikin uwarta ta fashe. Wancan kuma ba don abinci yake zuwa ba, don ruwa ne, a ƙasa, a inuwa. Ya zaga da ni gefen lambunsa inda ya bar ciyayi suka yi yadda suka so, nan ne kuwa duk hayaniyar take. Ya ce in ɗauki masu buɗaɗɗen fure, waɗanda suka riga suka fara, in haɗa dogo da gajere da mai yaɗo don kowa ya sami inda zai ɓuya, kada in share busasshen ganye, kada feshi ya ƙara shiga gidan. Game da maciji kuwa ya ce a bar hanya mai faɗi fayau daga ƙofa zuwa tabarmarta, a ɗaga tulu da buta daga ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ina aiki, na tsaya ina "to, Baba, to, Baba" kamar sabon ɗan makaranta.

Ya haƙo mana ɗaɗɗoya mai fure da ƙasarta, da riɗi, da barkono, da kabewa biyu da suka fara yaɗo, da yakuwa, da wata gwanda da ta kai ƙirjina, ya saro mana rassan zogale masu kauri. Gero a zangarniyarsa ne ya ba mu wuya. Sai da muka je kasuwar Madina, muka yi ta yawo cikin rana, kafin muka samu dami ɗaya a wurin wata mai kayan fura, ita ma daga arewa aka kawo mata tsaraba. Da ta ji dalili ta ƙi karɓar ko sisi.

Taubashina da kansa ya ɗauki guduma. Bai bar kowa ya taya shi ba. Da ya ɗaga falle na farko kusa da kututturen zogale sai ya ja da baya yana salati. A ƙarƙashin simintin, saiwar ta yi ta tsiro duk watannin nan. Tsiron fari fat, dogaye, sirara, sun bi ƙarƙashin dutsen a kwance suna neman mafita, kamar yatsu. Duk sun nufi wuri ɗaya, tsakiyar fili, inda take shimfiɗa tabarma. Na san dalili, wurin ne ruwan alwalarta ke bi ta wata 'yar tsaga. Sanin bai hana gabana faɗuwa ba.

Muka dasa komai cikin kwana biyu. Muka rataye zangarniyar gero a katanga, muka tsaga nunanniyar gwanda muka ɗora a kan reshe, muka binne kasko a inuwa muka cika shi da ruwa. Muka wanke bango da toka har sau uku. Sannan muka zauna jira.

Kashegari tsuntsayen suka zo, amma ba su sauka ba. Suka jeru a kan kwanon maƙwabta, gwara da kurciyoyi da wasu ƙanana da ban sani ba, sun fi talatin, duk sun fuskanci filin. Ba wanda ya yi kuka. Tsuntsu talatin a wuri ɗaya, shiru. Gwaggo ta ce, "Sun zo ko?" Na ce sun zo. Ta ce, "Na ji saukar ƙafafunsu." Haka suka yi kwana uku, su zo da hantsi su jeru su yi ta kallonmu, rana ta yi zafi su tashi. Matar taubashina ta daina shanya a bayan gida. A kwana na biyu Gwaggo ta ƙirga sunayenta ta sami huɗu. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, don na tabbata na zo a makare, kuma ƙila gawarta zan raka kafin in koma.

A rana ta huɗu da azahar hadari ya taso daga teku, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har la'asar. Kwatami ya cika ya kawo, unguwa ta rikice da kwashe kaya. Da aka ɗauke, warin nan mai ɗaci ya tafi, bayan gida na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗaɗɗoya.

Da asuba muna zaune, ni da ita da ɗanta, sai kurciya ɗaya ta sauko bakin kaskon. Ta sha, ta ɗaga kai, ta yi kuka. Gwaggo ta miƙe zaune.

"Audu Bagobiri," in ji ta. "Mai tari. Allah ya jiƙan Audu Bagobiri."

Na zaro littafin aljihuna na rubuta. Ba a jima ba gwara suka faɗo wa geron gaba ɗaya, ta ce Isa ɗan Tawa, wanda ya zo da ɗan'uwansa ɗan'uwan ya gudu ya bar shi. Da rana ta ɗaga furen kabewa ya buɗe, wani ƙaton ƙwaro baƙi ya shige ciki yana gunji, ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta, ta ce Hassi ce, 'yar Dosso, da ta zo neman mijinta, ita ma haka take da mita. Da hantsi ta ce a sayo mata koko da ƙosai. Ta sha rabin kofi. Taubashina ya fita waje da sauri wai zai duba wata mota.

Ba a rana ɗaya suka dawo ba. Wata safiyar a sami biyu, wata ba ko ɗaya. Sha-kauci sai da ya yi mako kafin ya gano barkono da riɗi, ya zo da sunan wani Garba. Kullum ina gefenta da littafi, kullum kofin kokon na ƙara yin ƙasa, har aka kai ga tuwo. Zuwa ƙarshen hutuna muna da goma sha biyu. Na sha uku mai tsamiya ne, kuma abin da ke zuwa wa tsamiya sai ta girma ta yi fure. Na shuka ƙwallon, na gaya mata gaskiya cewa shekaru ne. Ta ce, "Zai jira. Ina za shi?" Na sha huɗu kuwa, kukan da take yi masa ba wanda ya gane shi, har tsohon Alajo da na ɗauko takanas ya zo ya saurara. Wannan ya ɓace mana, kuma har yanzu abin na ci mini rai.

Ranar da za mu taso, kawu ya riga ya fitar da jakunkuna soro, muka zauna zaman ƙarshe. Ta bi mutanenta goma sha biyu tsaf, ta yi wa biyun da ba suna addu'a a haɗe. Ta shafa. Ina shirin yin sallama sai wani kuka ya fito daga cikin yaɗon kabewa da ɗaɗɗoya, can ƙasa inda ya yi duhu. Sau uku, kowanne ƙasa da na gabansa, a hankali, sai ya tsaya. Ban taɓa jin irinsa ba. Na leƙa ban ga komai ba.

Gwaggo ta karkatar da kai. Aka sake yi.

"Wannan baƙo ne," in ji ta. "Bai taɓa zuwa gidan nan ba. Ba na kowa ba ne." Sannan ta ce, "To, nawa ne. Ku bar mini shi."

Ɗanta ya ce, "Mma, ka bari wannan magana, don Allah."

Ta ce, "Zo nan ka zauna. Saurara. Ka ji shi? Yi mini irinsa." Ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu ya tsuguna a gaban uwarsa yana feɗuwa hawaye na zuba, tana cewa a'a, na ukun ya fi haka sauka, sake. Sai da ya yi daidai ta ƙyale shi. Sannan ta sa mini albarka, ta ce in gaya wa ƙanenta tana cin tuwo.

A tashar Aflawo, don har can ya rako mu, taubashina ya riƙe hannuna ta tagar mota. Babu bawa babu tsiya a ranar. Ya ce, "Wane itace ne ya kawo tsuntsun Mma? Gaya mini wanda ne, in kula da shi, kar ya mutu." Na ce ya bari in je gida in duba littattafaina.

Dawowa ba ta yi tsawon tafiya ba, ko don ba kwali a cinyata. Kawu ya yi barci tun daga Lome har Kwatano. Muka kwana a Agege, muka iso Kano ranar Asabar ana kiran magariba, na tarar an yi yayyafin farko. Na kwafe sunayen nan goma sha biyu a takarda biyu, ɗaya na ba mahaifina, ɗaya na kai wa limamin unguwarmu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya isa. Da can in za a zaɓi shuka, tambayata ita ce yaya za ta yi a ido. Yanzu nakan fara da tambayar wa zai zo mata, me zai ci, ina zai sha ruwa, ina zai ɓuya. A wurin aiki har an fara cewa na dawo daga Gana da taɓin hankali, don na hana a nome wata kusurwa.

Littattafan kuwa na duba su kaf, na kwana uku ina dubawa. Na je wurin wani tsohon malaminmu na yi masa feɗuwar, ya ce bai san shi ba. Ko ɗaɗɗoyar ce ta kawo shi, ko ƙwarin da ke ƙarƙashin busasshen ganye, ko inuwar kabewa, ko ruwan kasko, ko dukansu a haɗe, Allah kaɗai ya sani. Jiya na rubuta wa taubashina wasiƙa, kawu zai tafi da ita jibi. Na gaya masa gaskiya, ban san wanne ne ba. Na ce kada ya cire ko ɗaya.